Gyaran Kango: Yadda Ake Farfaɗo da Manhajar Juya Takardu da Mai Ita Ya Bari

Akwai wani dattijo da nake yi wa hidimar kwamfuta, yana da shagon buga takardu a bakin ƙofar wata makaranta. Idan lokacin haɗa kundin kammala karatu ya zo, shagon ba masaka tsinke. Kowane ɗalibi zai zo da babi biyar a fayil biyar, shafin godiya daban, shafin sa hannun malamai daban, ya ce a haɗe masa su wuri guda a sa lambar shafi. Na rubuta masa ɗan gajeren shiri da ke yin wannan haɗin, na jingina shi da wani ƙaramin laburare (tarin kod da wasu shirye-shirye ke jingina da shi) na kyauta da na samo a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye kod ɗinsu a fili, ya kuwa yi shekaru yana aiki lafiya lau. Ranar da aka sauya kwamfutar shagon aka sa sabon Python, harshen da aka rubuta shirin da shi, shirin ya ce bai san zance ba. Da la'asar sai ga waya: "Malam, abin nan naka fa ya tsaya, ga yara nan sun cika min shago." Na ce, "Alhaji, a yi min haƙuri zuwa gobe, in sha Allahu." Da na buɗe shafin laburaren da daddare, sai na tarar rabon mai shi da taɓa shi ya haura shekara huɗu, ga mutane sun yi layi a ƙasa suna ta sallama, ba mai amsawa.

Irin wannan gida shi nake kira kango. Katanga na tsaye, har akwai masu kwana a ciki, amma mai gidan ya yi ƙaura. Buɗaɗɗun manhajoji masu juya takardu, wato masu mayar da Word zuwa PDF, ko ciro rubutu daga PDF, ko haɗa fayiloli da raba su, suna yawan faɗawa wannan hali, domin sau da yawa mutum ɗaya ne ya rubuta su don biyan buƙatarsa. Buƙatar ta wuce, shi ma ya kama wata sabgar, masu amfani kuwa sai ƙaruwa suke. Duk wanda ya shiga irin wannan kango da niyyar gyara, ya sani mutane ya gada tare da kod ɗin, kuma takardunsu ne a hannunsa: kwangila, sakamakon asibiti, kundin da ɗalibi ya yi shekara yana rubutawa.

Misalin da ya fi koyar da ni shi ne PyPDF2, laburaren Python na sarrafa PDF. Mathieu Fenniak ne ya fara rubuta shi a 2005 da sunan pyPdf. Da ya daina kula da shi, wani kamfani mai suna Phaseit ya ɗauki kwafi ya ci gaba da sunan PyPDF2. An fitar da siga ta 1.26.0 a 2016, daga nan sai shiru na kusan shekara shida. A tsakanin nan wasu suka ɓalle suka kafa PyPDF3 da PyPDF4, kowanne ya ɗan motsa ya kwanta, sabon shiga kuma ya rasa wanne zai ɗauka, har ana zaton mai babbar lamba shi ne sabo. A watan Afrilun 2022 Martin Thoma ya karɓi riƙon PyPDF2, ya tarar da ɗaruruwan ƙorafe-ƙorafe da gyare-gyaren da mutane suka miƙa ba wanda ya duba. Kafin shekarar ta ƙare an fitar da sigogi da dama, an sallami Python 2, an kuma mayar da aikin kan sunansa na asali, pypdf. Zan riƙa komawa kan wannan labari, don kusan kowane mataki akwai shi a ciki.

Zagaya gidan tukuna

Kafin ka ɗauki alkawari, sauko da ma'ajiyar, wato kod ɗin da tarihin sauye-sauyensa da manhajar git ke adanawa, da `git clone` ka zauna ka karanta tarihinta. Umarnin `git log -10 --date=short` zai nuna maka ayyuka goma na ƙarshe da ranakunsu, `git shortlog -sne` kuma zai jero maka waɗanda suka taɓa sa hannu da yawan abin da kowa ya yi. Idan mutum ɗaya ne ya yi kusan komai, ka san ilimin gidan ya tafi da shi, sai ka haƙo da kanka.

Shiru kaɗai ba mutuwa ba ne. Akwai ƙananan manhajoji da suka gama aikinsu, ba abin da za a ƙara, masu su kuma na nan suna amsa duk wanda ya tambaya. Alamun kango na gaske su ne gyare-gyaren da aka miƙa suka shekara ba amsa, manhajar ta ƙi hawa kan sabuwar sigar harshen da aka rubuta ta da shi, da rahoton ɓarakar tsaro da aka bari a buɗe. Daga nan ka duba ko wani ya riga ka. GitHub na nuna jerin waɗanda suka ɗauki kwafi suka ci gaba, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga wanda ke motsi. Idan akwai mai rai a cikinsu, je ka kama masa aiki. PyPDF3 da PyPDF4 sun ishe mu darasi a kan abin da ke faruwa idan kowa ya kafa tutarsa. Ka kuma leƙa Debian da Fedora, manyan nau'o'in tsarin Linux, domin masu shirya musu manhajoji kan yi wa tsofaffin ayyuka faci don su ci gaba da tafiya, a Debian ma ana ajiye facin a folda mai suna `debian/patches`. Sau da yawa rabin gyaran da kake shirin yi yana can an gama shi.

Tambaya mafi nauyi ita ce ta harsashi: a kan me aka ɗora ginin? Ga misalai biyu masu kama da juna da suka rabu a ƙarshe. Manhajar pdftk ta Sid Steward ta dogara da GCJ, wani mai harhaɗa Java da aka cire daga GCC, tarin masu harhaɗa kod na GNU, tun siga ta 7 a 2017, shi ya sa masu Ubuntu 18.04 suka neme ta suka rasa. Amma ainihin aikinta lafiyarsa ƙalau, abin da ke ƙarƙashi ne ya ruɓe, don haka Marc Vinyals ya mayar da ita Java zalla da sunan pdftk-java, ta ci gaba da rayuwa. Ita kuwa wkhtmltopdf, mai juya shafin intanet zuwa PDF, gabaɗayanta a kan tsohon injin WebKit na Qt take zaune, injin da aka daina yi wa gyaran tsaro, kuma an rufe ma'ajiyarta a farkon 2023. Mutum ɗaya ba zai iya riƙon injin birawuza ba. A irin wannan, alherin da za ka yi wa mutane shi ne ka rubuta musu hanyar ƙaura zuwa WeasyPrint ko Chrome, ba ka yi musu alkawarin da ba za ka cika ba.

Sai lasisi. Buɗe fayil ɗin ka karanta da idonka. MIT da BSD sun ba ka damar ci gaba muddin ka bar sunan mai asali da sanarwarsa. GPL ta ce duk abin da ka rarraba ya tafi da lasisin da ka same shi. Idan babu lasisi kwata-kwata, ganin kod a fili bai ba ka izinin rarraba shi ba, dole sai mai shi ya amince. Ka kuma duba ko an taɓa sauya lasisi a tsakiyar tafiya. Laburaren iText ya koma AGPL daga siga ta 5, shi ya sa masu OpenPDF suka ɗora nasu aikin a kan tsohuwar sigar da ta gabaci sauyin.

Yi sallama

Ko kango ne, da mai shi. Nemi adireshin imel ɗinsa a cikin tarihin git, ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa, ka kuma buɗe magana a fili a shafin ƙorafe-ƙorafe don sauran masu amfani su gani. Ka fara da godiya, ka faɗi wane ne kai da abin da kake yi da manhajar, ka nuna gyara ɗaya ko biyu da ka riga ka miƙa, sannan ka ba shi zaɓi: ya ƙara ka cikin masu kula, ko ya mayar da aikin ƙarƙashin wata ƙungiya a GitHub, ko kuma ya sa layi ɗaya a shafin farko mai nuna wa mutane inda aikin ya koma. Kada ka kuskura ka sa zargi a ciki. Mutumin nan kyauta ya yi wa duniya aiki, ba ka san abin da ya ɗauke masa hankali ba, ko rashin lafiya, ko iyali, ko gajiya da masu zuwa da buƙata ba godiya.

Idan ya yi ɗari-ɗari da kai, kada ka ji haushi, yana da hujja. A 2018 mai wani laburaren JavaScript da ake kira event-stream ya miƙa shi ga wani baƙo da ya nuna sha'awar riƙo, baƙon ya cusa kod na satar kuɗin kirifto a ciki. A watan Maris na 2024 kuma Andres Freund ya gano ƙofar baya da aka dasa a xz, manhajar matse fayiloli, wadda wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana neman yarda kafin ya dasa ta. Tun daga nan duk mai hankali ke tsoron baƙon da ya zo neman makulli. Maganin wannan tsoro aiki ne a fili: ƙananan gyare-gyare masu sauƙin dubawa, amsa tambayoyin wasu, suna da tarihi da kowa zai iya bincika. Ka nemi izinin tsara ƙorafe-ƙorafe kafin ka nemi izinin fitar da siga.

Ka ba shi makonni, ka sake tuntuɓa sau ɗaya ko biyu. In shiru ya ci gaba, ɗauki kwafinka ka ci gaba da sabon suna, ka rubuta ɓaro-ɓaro a saman shafi cewa wannan ci gaban aikin wane ne, kuma ƙofa a buɗe take in ya dawo. Batun sunan da ke rumbun saukewa daban ne. A PyPI, rumbun da ake sauko da laburaren Python daga cikinsa, akwai ƙa'ida mai lamba PEP 541 da ta tsara yadda ake miƙa sunan aikin da aka yi watsi da shi: sai an tabbatar ba a fitar da komai ba cikin wata goma sha biyu, ba motsi daga mai shi, kuma masu kula da rumbun sun neme shi ba su same shi ba. Hanyar na ɗaukar lokaci, saboda haka kada ka tsayar da aiki kana jiranta.

Tayar da ita yadda take

A nan ne hannu ke ƙaiƙayi. Za ka ga kod mai tsohon yayi, ranka ya ce share duka ka sake sabo. Danne zuciyarka. Aikin farko shi ne ka ga manhajar tana tafiya kamar yadda take a ranar da aka bar ta. Idan ta zamanin Python 2.7 ce, ɗauko Docker, manhajar da ke keɓe wa shiri ɗakinsa daban a cikin kwamfuta, ka sa mata Python 2.7 da tsofaffin sigogin abubuwan da ta dogara da su, ka gudanar da gwaje-gwajenta a can. Wannan tsohuwar kwafin ita ce ma'auninka, da ita za ka riƙa auna duk abin da ka taɓa daga baya.

Daga nan ka matsa gaba siga bayan siga, kana rubuta abin da ya karye a kowane mataki. A Python karayar sananniya ce. An daina kula da Python 2 tun 1 ga Janairun 2020, kuma babban bambancinsa da na 3 shi ne raba rubutu da ɗanyen bayit, abin da ya shafi manhajar takardu fiye da kowa. A 3.10 tsofaffin sunaye irin `collections.Mapping` sun daina aiki, abin gwaji na nose ma ya mutu tare da su, sai a koma pytest. A 3.12 an cire distutils, wanda tsofaffin fayilolin `setup.py` da yawa ke kira. Idan ka ga fayil mai suna `.travis.yml`, wataƙila gwajin atomatik ɗin ya tsaya tun 2021 da aka rufe travis-ci.org. Mayar da shi GitHub Actions, wanda kyauta ne ga buɗaɗɗun ayyuka. Ga mai fama da ɗaukewar wuta da tsadar data wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin injinansu ne za su gwada maka sigogi biyar a Windows da Linux da Mac, kai tura gyara kawai za ka yi.

Kwandon takardun gwaji

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan manhajar juya takardu ta bambanta da sauran. Ƙa'idar PDF a rubuce take, ta zama ISO 32000 tun 2008, amma fayilolin da ke yawo a duniya ba duka ke bin ta ba. Na'urar sikana tana fitar da nata salon, tsohon Word nasa, manhajar banki nata, wasu a karye suke amma Adobe Reader na buɗe su shiru, mai takarda kuma ya ɗauka lafiyarsu lau. Idan ka ga wani layi a tsohon kod da ya yi maka kama da shirme, mafi yawan lokaci wani fayil ne mai taurin kai ya sa aka rubuta shi shekaru goma da suka wuce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka goge layin, yoyon ya dawo a gidan wanda ba ka sani ba.

Saboda haka tara takardu. Bi tsofaffin ƙorafe-ƙorafe ka sauko da duk fayil da aka maƙala, domin kowanne shaidar wata matsala ce ta gaske. Ƙara da naka: mai shafi ɗaya da mai shafi ɗari biyar, mai kalmar sirri, mai fom na cikewa, mai tebur, wanda aka yi sikanin a karkace, wanda aka yanke saukarsa a tsakiya, da fayil da babu komai a cikinsa. Masu pypdf sun ware ma'ajiya guda don irin waɗannan samfura kaɗai. Sai dai a kiyaye amana: takardar da ke ɗauke da sunan mutum, lambar shaidarsa ko sakamakonsa ba ta shiga ma'ajiyar da duniya ke gani, kuma abin da ya shiga tarihin git fitar da shi wahala ne. Idan fayil ɗin wani ne ya tona matsala, ƙirƙiri makamancinsa da bayanan bogi, ka tabbatar shi ma yana tona ta.

Yanzu ka bi da kowane fayil ta tsohuwar kwafin nan da ke cikin Docker, ka ajiye abin da ta fitar. Duk lokacin da ka yi gyara, sai a sake bi da su ta sabuwar a kwatanta. Kada ka kwatanta fayilolin PDF bayit da bayit, domin kwanan wata da lambar shaida da ke ciki na sauyawa ko da komai daidai yake. Kwatanta abin da mutum zai gani. Umarnin `pdftotext` zai ciro rubutun ka auna shi da `diff`. Umarnin `pdftoppm -png` zai mayar da kowane shafi hoto, `compare` na ImageMagick kuma ya nuna maka inda hotuna biyu suka saɓa. Shi kuwa `qpdf --check` zai gaya maka ko ginin fayil ɗin lafiya yake. Idan sakamako ya bambanta, tsaya ka duba da ido: ko ka gyara tsohon kuskure ne, ko ka haifi sabo.

Akwai gwajin da ba na yarda a fitar da komai sai an yi shi, kuma mu ne ya kamata mu kawo shi don wasu ba za su tuna ba. Ka rubuta takarda mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ, a cikin rubutu, a kan take, a cikin tebur, har ma a sunan fayil ɗin kansa. Waɗannan haruffa ba sa cikin tsarin Latin-1 da tsofaffin manhajoji da yawa suka ɗauka shi ne duniya. A Unicode ƙ tana U+0199, ɗ tana U+0257, ɓ tana U+0253, ƴ da aka fi rubutawa a Nijar kuma tana U+01B4. Zubin haruffan da PDF ke zuwa da su tun asali, irin Helvetica da Times da Courier, ba su da ko ɗaya daga ciki. Na taɓa riƙe kundin wata ɗaliba mai nazarin Hausa da aka buga a shagon Alhaji, shafin farko an rubuta taken da manyan baƙaƙe, amma duk inda Ƙ take sai baƙin akwati, duk inda ɗ take sai alamar tambaya. Ta biya kuɗin bugu da ɗauri kafin ta lura. Wanda ya fi wannan muni shi ne shirin da zai cire lanƙwasar shiru ba gargaɗi, ƙasa ta koma kasa, ƙafa ta koma kafa, ma'ana ta sauya ba wanda ya sani.

Gyaran yana da fuska biyu. Wajen rubuta PDF, a cusa zubin haruffa mai ɗauke da su a cikin fayil ɗin, irin DejaVu Sans, Noto ko Charis SIL, sannan ka tabbatar da `pdffonts` cewa ya shiga. Wajen karantawa kuma, PDF na ajiye wata taswira mai suna ToUnicode da ke faɗin wane zane ne wane harafi. In babu ita, ko manhajar ba ta karanta ta daidai, shafi zai yi kyau a ido amma rubutun da aka ciro ya zama shara. In kana da hali ka ƙara shafi ɗaya na ajami, domin rubutun dama zuwa hagu kan fito a juye, kuma gyaran da ka yi masa zai amfani masu Larabci da Farisanci da Urdu gaba ɗaya.

Tarin da ke bakin ƙofa

Sai yanzu za ka waiwayi ƙorafe-ƙorafe da gyare-gyaren da suka taru. Fara da gyare-gyaren, don aikin mutane ne da suka yi kyauta aka bar su tsaye. A nan na yi kuskuren da har yau yake damuna. A makon farko da na karɓi riƙon ɗan laburaren nan da shirin shagon Alhaji ya dogara da shi, na bi da kod ɗin duka ta manhajar daidaita tsari don ya yi kyan gani. Kusan kowane layi ya motsa, gyare-gyaren da ke jira duka suka daina shiga, sai da na zauna na sake ɗora su da hannu ɗaya bayan ɗaya. Wani da ya yi gyara mai kyau na roƙe shi ya sabunta nasa, bai sake amsawa ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ka fara shigar da abin da zai shiga, share-share ya biyo baya, kuma in ka yi shi ka sa lambar da git ya ba wannan sauyin a fayil ɗin `.git-blame-ignore-revs` don kada ya binne tarihin wanda ya rubuta kowane layi.

Kowane gyara ka bi da shi ta kwandon gwaji, ka ƙara masa gwajinsa, ka bar sunan mai shi a kai. Ƙorafe-ƙorafe kuma ka gwada kowanne a sabuwar siga. Wanda ya warware ka rufe da bayani, wanda ba fayil ka nemi a turo, masu maimaita juna ka haɗe su. Kada ka sa na'ura ta rufe su jimla don sun tsufa. Mutumin da ya jira shekara huɗu ya cancanci jimla ɗaya daga bakin mutum.

Fitowar farko

Sigar farko da za ka fitar ta zama marar ban mamaki. Ta hau sabon Python, ta toshe ɓarakar da aka sani, kada ta cire komai, kada ta sauya sunan komai. Wanda ya sabunta ya ga shirinsa na tafiya kamar jiya. Gwada ɗora ta a TestPyPI, rumbun gwaji na PyPI, tukuna, ka sauko da ita a kwamfuta mai tsabta ka ga ta hau. Rubuta jerin abin da ya sauya cikin harshen da mai amfani zai gane, tare da sunayen waɗanda suka taimaka. Bayan nan ka riƙa fitar da ƙananan sigogi a kai a kai, don ganin motsi ne ke dawo da mutane.

Ranar sauya manyan abubuwa za ta zo, kuma a nan ma PyPDF2 na da abin koyarwa. Sun so su gyara tsofaffin sunaye, `PdfFileReader` ya koma `PdfReader`. Sun bi hanya: a siga ta 1.28 tsohon suna na aiki amma yana fitar da gargaɗi, sai a 3.0.0, a watan Disambar 2022, aka cire shi, saƙon kuskuren kuma yana faɗin sabon sunan da za a yi amfani da shi. Duk da haka mutane da yawa sun wayi gari shirinsu ya tsaya, domin darussan da ke intanet na shekaru duk tsohon suna suke koyarwa, kuma ba kowa ke ƙulle sigar da yake amfani da ita ba. A ganina, manhajar da ta yi shekara shida a kwance tana buƙatar wa'adin gargaɗi mai tsawo fiye da 'yan watanni, don masu amfani da ita sun saba ba ta motsi, ba sa leƙowa. Ka ƙara babbar lambar siga duk lokacin da za ka karya wani abu, ka rubuta jagorar ƙaura mai nuna tsohon layi da sabon layi gefe da gefe.

Kada ka manta manhajar juya takardu abincinta fayilolin baƙi ne, wasu kuma da gangan aka ƙera su don cuta. PDF na iya ɗauke da abubuwa masu nuni da juna a zagaye har shiri ya yi ta juyawa ba ƙarshe, kuma an gyara irin wannan a PyPDF2 bayan farfaɗowarsa. Fayil ɗin Word na zamani kuwa jakar zip ce cike da XML, ana iya cusa masa ɗan abu da zai kumbura ya cinye ƙwaƙwalwar saba (kwamfutar da shirin ke gudana a kanta), ko ya sa a karanto wani fayil na sirri daga cikinta. Sa iyaka ga zurfin bibiya da girman abin da za a warware, kashe karɓar abubuwan waje a mai karanta XML, ka kuma ajiye fayil mai suna `SECURITY.md` da ke faɗin inda za a kawo maka rahoto a asirce. Asusunka na GitHub da na PyPI su kasance da tabbaci mai hawa biyu, PyPI ma ta wajabta shi tun farkon 2024.

Abu na ƙarshe ka fara shi tun kana da ƙarfi. Abin da ya kwantar da aikin a karon farko shi ne rataye shi a wuyan mutum ɗaya, kai ma kuma wata rana aiki ko iyali za su ja ka. Mayar da ma'ajiyar ƙarƙashin ƙungiya, kamar yadda pypdf ke zaune a ƙarƙashin py-pdf. Lura da wanda ke yawan dawowa da gyara mai tsabta da amsa mai ladabi, ka ba shi izinin tsara ƙorafi, bayan watanni ka ƙara masa na shigar da gyara, sai ka gamsu sosai kafin na fitar da siga. Rubuta matakan fitarwa a fayil, dalla-dalla, yadda wanda bai taɓa yi ba zai iya bi. A shafin farko na ɗan laburaren da nake riƙe, na rubuta adadin sa'o'in da nake iya ba shi a mako, da sunan asusun mutum na biyu da ke da makulli, da izinin cewa in aka neme ni wata shida ba amsa, ya ci gaba ba sai ya jira ni ba. A kwamfutar shagon Alhaji kuma na ƙulle lambar sigar a fayil ɗin `requirements.txt`, na ajiye takardar gwaji mai ɓ da ɗ da ƙ a kan allo, na nuna wa yaron shagon ya riƙa buga ta ya duba da idonsa duk ranar da aka sabunta wani abu, kafin ya karɓi kundin kowa.